Ƙaho a Tanderun Mallena

Shekara ashirin da biyu Gonario ya yi a birnin Torino na Italiya yana ɗaura mariƙin ƙofar mota a wata masana'anta, na hagu kawai, domin na dama akwai mai ɗaura shi. Amma da ya dawo garinmu na kan dutse a Sardiniya, da hula mai baki da takalmi mai ƙara, sai ka rantse shi ya ƙago motar tun daga taya har rufi. Ba ka gama gaishe shi ba ya ce maka, "Mu a Torino." Ko ruwan sama aka yi, sai ya leƙa ya ce na Torino ya fi wannan jiƙa mutum.

Matarsa Mallena ita kaɗai ce 'yar Tiu Bustianu, maƙerin da duk makiyayin da ya isa a yankinmu yake yawo da wuƙarsa a aljihu, siririya mai ninkewa, ƙotarta ƙahon rago. Tsohon ya haura tamanin, hannu ya fara rawa. Wani ɗan kasuwar cuku kuma ya daɗe yana zarya, yana son maƙerar ya mai da ita ɗakin ajiya saboda sanyin bangonta. Shi kuwa Gonario tuni ya gaya wa duk mai kunne cewa maƙera tasa ce, har ya auna inda zai kafa allo mai sunansa.

Wata rana bayan an taso daga coci, Tiu Bustianu ya kira shi maƙera. Ya ajiye wani ruwan wuƙa a kan uwar maƙera, sabo fil, babu ƙota.

"Wannan ne na ƙarshe da zan ƙera," in ji tsohon. "Saura kwana arba'in askin tumaki. Ka yi masa ƙota. Istevene makiyayi zai sa ta a aljihu ya yi kiwo da ita. Ranar aski, in ta buɗe ta yanka cuku da nama a gaban jama'a, ta koma ta rufe, mabuɗin nan naka ne. In ba haka ba, na mai cuku ne." Ya nuna rufin ɗaki da haɓa. "Ga ƙahoni can a rataye, shekararsu bakwai suna bushewa. Ka zaɓi wanda ya yi maka."

Gonario ya ɗaga kai, ya bushe da dariya har da dukan cinya.

"Haba Tiu! Ƙaho? Mutane sun je wata sun dawo, ku kuna nan kuna bin raguna kuna roƙon abin kansu? Ni da na yi shekara ashirin da biyu ba abin da nake yi sai mariƙi? A sauke waɗannan a ba yara su yi wasa. Zan yi ƙotar da jikokin jikokin Istevene za su yi faɗan gado a kanta."

Washegari da safe tsohon ya sauke ƙahonin kakaf, ya zuba a buhu, ya aika wa wani maƙeri a garin da ke bayan dutse. Mallena ta ga buhun yana fita a kan jaki, ranta ya ɓaci ƙwarai, domin a cikin maƙerar nan ta koyi tafiya.

Gonario ya fara da ɓawon bishiyar nan da muke toshe kwalba da shi. Kwana uku yana sassaƙa, rana ta huɗu ya shiga shagon kofi ya ce a kawo masa kwano da ruwa. Jama'a suka taru. Ya jefa wuƙa a ciki, ta yi ta yawo a sama kamar agwagwa.

"Kun gani? Ko a rafi ta faɗa ba za ta nitse ba."

Istevene makiyayi, mutum ne mai kaurin wuya da ƙarancin magana, ya tsamo ta ya jujjuya. "Ni a kan dutse nake kiwo, Gonario. Rabona da ruwan da ya kai ƙauri tun ranar da aka yi mini baftisma."

"Wannan rashin fita ne. Tafi da ita."

Bayan kwana huɗu sai ga Istevene a ƙofar gida, ruwan wuƙa a hannu ɗaya, ƙullin hankici a ɗayan. Ya kwance ƙullin, ga ɓarɓashi kamar na gurasa. Wai busasshen cuku ya danna, ƙusoshin suka yi waje, ƙota ta rabu uku, ɓeraye suka ƙarasa abin da ya rage.

Tia Filumena, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wadda kujerarta ba ta barin bakin ƙofa sai in ruwa ake yi, ta miƙo wuya. "Gonario, kada ka zubar. Ina da kwalbar mai da ba ta da murfi."

"Gwaji ne, Tia. A Torino sai an fasa mota goma kafin a sayar da ɗaya."

"To ai kuwa ka iya rabin aikin."

Na biyu roba ce ja wur, wadda ya ɓamɓaro daga wani tarkacen mota da ya taho da shi a akwati. Ya ce shekara ɗari za ta yi a cikin ƙasa ba ta ruɓe ba, ɓera kuwa in ya cije ta sai ya nemi likitan haƙori. Ya ciji ƙotar da kansa a gaban mutane don su shaida. Istevene ya karɓa ya hau dutse.

Wannan karon mako guda aka yi shiru, har Gonario ya fara tambayar masu fenti nawa ne rubutun allo. Rana ta takwas sai ga Istevene yana janye da jaki, jaki na ɗauke da wani baƙin dutse da ya kai kan mutum girma. Ya sauke shi a tsakiyar titi, tim. Ga ruwan wuƙa a manne a jikinsa, jar roba ta dalala ta daskare.

"Ina dafa madarar cuku na ajiye ta a bakin murhu, inda ubana yake ajiye tasa, inda kakana yake ajiye tasa. Na juya na juyo, ta zama miya. Na kasa ɓamɓare ta, shi ne na taho maka da murhun."

Mutanen shagon kofi suka fito da kofunansu a hannu. Wani ya ce ai an samu wuƙar da ba za ta taɓa ɓata ba. Wani ya ce sai dai a ɗinka wa Istevene aljihu na musamman. Gonario ya tsuguna yana kallon dutsen, ya daɗe, har mutane suka zaci kunya ce ta kama shi. Ashe wani tunanin ne yake tsirowa. Ya miƙe zumbur yana nuna dutsen da yatsa.

"Ku duba da kyau! Roba ta narke, amma shi fa? Ko gezau!"

Mallena da ke tsaye a taga ta rufe tagar a hankali.

Da yamma ya tafi wurin mai sassaƙa duwatsun kabari, ya roƙo guntun farin dutse mai sheƙi daga cikin ragowar aiki. Kwana goma yana gurza, ya cinye magagari biyu na surukinsa, gida ya yi fari fat, har miya sai ka ji ƙasa-ƙasa. Da ya gama ya fito da ita a tafin hannu biyu. Tia Filumena ta ce ya matso ta gani. Ta ƙura wa dutsen ido, ta ga jijiyar nan mai ruwan toka da ta ratsa shi.

"Wannan ai ragowar dutsen kabarin mijina ne."

"To Tia, ai girmamawa ce."

"Mutumin da ko da ransa bai taɓa yin aikin yini ɗaya ba, yanzu da ya samu ya kwanta za ka tura shi kiwo? Ba zai je ba. Ka rubuta ka ajiye."

Bai je ba kuwa. Istevene ya sa wuƙar a aljihu, wando ya karkace gefe guda, ya kama hanya yana tafiya hannu ɗaya a ƙugu. Bai kai ƙarshen gari ba aljihun ya ɓarke. Wuƙa ta bi ta cikin ƙafar wando ta sauka a kan babban yatsansa, daga nan ta daki dutsen hanya ta rabe biyu. Ya dawo yana ɗingishi, ya ajiye ruwan wuƙar a kan dokin ƙofa.

"Na yafe, Gonario. Ina da tumaki ɗari uku da yatsu tara masu lafiya, ina so in kai ranar aski da su. Ka nemi wani aljihun."

"Kai ne ba ka iya riƙe kayan zamani ba!"

"Na yarda. Kayan zamani sun fi ƙarfin wandona."

Saura kwana huɗu. Mallena ta zaunar da mijinta a kicin, ta yi masa magana a tausashe, abin da ba ta saba ba. Ta ce ya hau jaki ya je garin bayan dutse, ya cire hula, ya roƙi ƙaho ɗaya daga cikin buhun Babbu, wato babanta. Ta ce ita ba allo take so ba, ba suna take so ba, so take ta riƙa jin ƙarar masaba daga ɗakin nan in ta tashi da safe.

"In roƙi ƙaho? Ni? A garin da mahauci yake zubar da shi kyauta?"

"Gonario, na mahauci ɗanye ne. Shekara bakwai Babbu yake..."

"Shekara bakwai don ba ku da ilimi. A Torino fentin mota minti ashirin yake bushewa. Tanderu ake sa ta, ta shiga a jiƙe ta fito a bushe. Lokaci ba komai ba ne, Mallena, zafi ne."

Da asuba ya je mahauta ya tsinto ƙahon ragon da aka yanka a ranar, da sauran jini a gindinsa. Ya zo ya tarar matan unguwa sun taru a tsakar gidansa, domin tanderun Mallena ne babba, kuma ranar ce ake gasa gurasar bikin aski. Ya yi ta kewaye-kewaye yana ba su shawarar yadda ake murza ƙullu. Da suka shiga ciki shan kofi, ya lallaɓa ya tura ƙaho can ƙuryar tanderu, bayan garwashi.

Ba a daɗe ba wani wari ya tashi, irin na kofaton da ya faɗa wuta, ya bi lungu-lungu har dandalin gari. Mata suka fito a guje suna toshe hanci da gyale. Gurasar da ke ciki da wadda ke jiran shiga duk ta kwashi warin. Tia Filumena ta zura sandar tanderu ta jawo abin, ya faɗo yana hayaƙi.

"Wa ya mutu a tanderunki, Mallena?"

"Ba wanda ya mutu tukuna," in ji Mallena, tana kallon mijinta.

Gonario ya sure ƙahonsa da awartaki ya ari na kare, wata ta bi shi da muciya har bakin maƙera. Ya banko ƙofa ya sa sakata. A can ya danne ƙahon da zafinsa cikin ƙarfen matsi har ya miƙe sambal, ya tsaga masa gidan ruwan wuƙa, ya buga ƙusoshi, ya gurza, ya goge da man zaitun. Kuma gaskiya ɗaya ce, in za a faɗe ta: wuƙar ta yi kyau. Launin zuma, da ɗigon baƙi a gindi, tana buɗewa tana rufewa ba ƙara. Mallena ta karɓa ta buɗe ta rufe sau uku, duk fushin gurasa ya sauka, zuciyarta ta fara sa rai duk da ta san bai kamata ba.

Da yake Istevene ya ƙi, Gonario ya ce shi zai riƙe ta a nasa aljihun. Aka gaya wa Tiu Bustianu, ya ɗaga kafaɗa ya ce aljihu aljihu ne.

Karen mahauci ne ya fara binsa. Kafin yamma sun zama huɗu. Ran Lahadi da ya tafi coci, karnuka tara ne suka raka shi, suka zauna a kan matakala suna jiran a tashi, ɗaya har ya kutsa ciki ya kwanta a gindin kujerarsa yana shinshinar cinyarsa. Limamin coci ya dakata da huɗuba ya ce a fitar da baƙon. Da aka fito, Gonario ya dubi rundunarsa ya dubi jama'a.

"Ko dabba ta san aiki mai kyau."

"Ƙwarai," in ji Tia Filumena. "Haka suke bin motar shara."

Ranar aski ta zo da zafi tun da hantsi. Gari duk ya hau dutse zuwa garken Istevene. Maza suka ɗaure tumaki ƙafa huɗu suna ta aiki da almakashi, gashi na taruwa tuli-tuli. Gonario bai taɓa tunkiya ko ɗaya ba. Yana cikin wando mai kauri na zuwa biki, yana zufa sharkaf, ya je ya tsaya a bakin wutar da ake gasa 'yan raguna, cinyarsa dab da garwashi, yana koya wa masu gashi yadda ake juya nama a Torino. Awa uku ya yi a nan, lokaci-lokaci yana shafa aljihu.

Da rana ta take aka shimfiɗa nama da cuku da gurasar da aka sake gasawa a wani gidan. Maza suka zauna a jere, kowa ya zaro wuƙarsa, ka ji ƙas, ƙas, ƙas. Tiu Bustianu ya ciro mabuɗin maƙera, babba baƙi, ya ajiye kusa da curin cuku. Mai cuku na zaune a gefe da farar riga, yana yi kamar ba mabuɗin yake kallo ba.

Gonario ya miƙe ya gyara murya. "Jama'a, yau za ku ga bambancin wanda ya fita da wanda bai fita ba. Abin da ake yi a shekara bakwai, na yi shi a awa ɗaya." Ya zura hannu a aljihu ya ja. Abu ya ƙi fitowa. Ya sake ja, ya murɗa, ya yi tsalle ɗaya. Da ya fizga da ƙarfi sai ta fito tare da cikin aljihun, a lanƙwashe kamar lauje.

Kowa ya zuba wa wuƙar ido.

"Haka na tsara ta," in ji Gonario. "Don ta zauna a tafin hannu."

"To buɗe ta," in ji Tiu Bustianu.

Ya sa farce, farce ya karye. Ya sa haƙori, ya tofar yana yamutsa fuska. Ƙahon ya murɗe ya danne ruwan wuƙar gam. Wani ya miƙo masa almakashin aski, wani ya ce a kawo jakin Istevene ya ja ta gefe ɗaya. Dariya ta fara daga wajen mata ta gangaro.

"Iskar dutse ce," in ji shi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "A ƙasa lafiya lau take buɗewa."

"Ɗanye ne," in ji tsohon, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ka miƙar da shi da ƙarfi, ya ji ɗumi da laima, ya koma yadda yake a kan ragon."

Gonario ya ajiye ta a kan dutse, ya take da takalminsa mai ƙara, ya cusa bakin almakashi ya danna da dukan nauyinsa. Sai ji aka yi ƙwaras! Ƙota ta tsage gida biyu, shi ya zauna daɓas cikin tulin gashin tumaki, ruwan wuƙa ya yi tsalle ya faɗi cikin ƙura. Karen mahauci, wanda kwana uku ke nan yana jiran wannan rana, ya cafke rabi ɗaya ya yi daji da shi, sauran suka rufa masa baya. Istevene, da ba a taɓa jin dariyarsa ba, ya kwanta a ƙasa yana riƙe da ciki.

Tiu Bustianu bai yi dariya ba. Ya sa yatsa biyu masu rawa ya tura mabuɗin a kan shimfiɗa, a hankali, har ya isa gaban mai cuku. Mai cuku ya ɗauka ya jefa a aljihun farar rigarsa. Mallena ta ga shigarsa. Baƙin ciki tsantsa ya kama ta, amma ba ta yarda hawaye ya fito a gaban mutane ba.

A wajenmu, ranar aski kowane namiji da wuƙarsa yake cin nama. Ba a aro, ba a bayarwa. Wanda ba shi da ita sai mata su yanka masa, tare da yara da tsofaffin da haƙoransu suka zube. Gonario ya taso yana kakkaɓe gashi, ya dubi mazan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai ga namansa.

Mallena ta tashi ta je ta tsinci ruwan wuƙar ubanta daga cikin ƙura. Ta goge shi da gefen zani, ta naɗe gindinsa da tsumman goge tukunya, ta kama hannun rigar mijinta ta zaunar da shi a tsakanin yara. Ta jawo cinyar rago. Wuƙar ta shige naman kamar ba ƙashi a duniya.

"To ga ƙotar da ta fi ƙarko a gidanku," in ji Tia Filumena. "Tsumma."

Mallena ta yanka naman gunduwa-gunduwa, ta dawo ta yanka kowace gunduwa biyu, ta sake dawowa ta raba su ƙanana, irin wanda ake ba yaron da aka yaye jiya. Jama'a suka daina ci suna kallo.

"Ya isa haka, Mallena," in ji Gonario ƙasa-ƙasa. "Mu a Torino..."

"Bai isa ba," in ji ta, ta ci gaba da yankawa.